Tambayar da 'yar aji biyar ta yi mini a darasin sauyin yanayi

Malamin Jogirafi, Haɗeja:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman shawararku kafin Litinin. Ranar Alhamis na shiga aji biyar da darasin sauyin yanayi, na yi yadda na saba shekara da shekaru: ma'ana a saman allo, dalilai a ƙarƙashinta, sai illoli, sai mafita. A wajen mafita na rubuta dasa bishiyoyi, daina sare itace, rage ƙona mai. Yara suna ta kwafa. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga layin baya ta ce, Malam, ɗazu ka ce duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, to don me maganin ya faɗo kan murhun innata? In ta daina sayen itace, da me za ta tuƙa mana tuwo?

Na ce mata ai kowa da nasa kason. Ta zauna saboda ladabi, amma fuskarta ta nuna ba ta karɓa ba, kuma ni ma da na faɗa ban karɓa ba. Tun ranar abin yake cina. Yaran nan ba ƙanana ba ne, wasunsu su ke riƙe da gonar gidansu, wasu saura shekara ɗaya ko biyu su yi zaɓe. Ku yaya kuke koyar da wannan darasi?

Maman Fadila, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, yarinyar nan ta fi littafin gaskiya, ka koma ka faɗa mata haka a gaban aji. Littattafanmu suna cakuɗa abu biyu a jeri ɗaya. Akwai rage hayaƙin, wanda nauyinsa ya fi hawa kan masu ƙona kwal da fetur da gas da yawa, irin su China da Amurka da ƙasashen Turai. Akwai kuma shirin zama da sauyin da ya riga ya iso, wannan namu ne ko mun so ko mun ƙi, tunda gonarmu ce ke ƙonewa. Raba allo gida biyu, ka bar su su ware kowace mafita inda ta dace.

Ni kimistiri nake koyarwa, kuma na lura yawancinsu kalmomi kawai suka haddace, ba su san yadda abin ke aukuwa ba. Da bargo nake fara musu. In ce, bargo wuta gare shi? Su ce a'a. To me ya sa kake jin ɗumi a cikinsa da hunturu? Sai wani ya ce zafin jikinka yake tsarewa. To haka abin yake. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa tana mayar da zafin sama, iskar kabon da ire-irenta su tare wani kaso su maido shi. Ba don su ba, da duniya ta daskare. Damuwar ita ce bargon yana ƙara kauri. Kafin zamanin masana'antu, cikin ƙwayoyin iska miliyan ɗaya kusan 280 ne na kabon. Da aka fara auna ta a kai a kai a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, tana wajen 315. Yanzu ta haura 420. Ina sa su zana lambobin nan uku a takardar giraf da hannunsu, su ga inda layin ya dosa.

Ɗan Bautar Ƙasa, Dutse:
Anti, don Allah a ƙara mini haske. Mu a sakandare an koya mana cewa lemar ozon ce ta huje, rana tana shigowa ta ramin, shi ya sa ake zafi. Yaran da na tarar a nan ma haka suke rubutawa.

Maman Fadila, Zariya:
Ƙanena, matsala biyu ce daban, kuma wannan kuskure ya yi yawa a takardun da nake dubawa. Lemar ozon tana kare mu daga wani nau'in hasken rana mai cutar da fata da ido. Sinadaran da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki a da ne suka cinye ta, aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 aka hana su, lemar kuma tana farfaɗowa sannu a hankali. Ɗumamar duniya kuwa maganar bargon nan ce. Amma ka ba su labarin Montreal, yana da amfani su san an taɓa haɗuwa a kan matsala irin wannan kuma aka ci nasara.

Tsohon Firinsifal, Katsina:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, bari tsoho ya sa baki. Na ga farin 1973 da idona, ina makarantar horon malamai. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya, bayin Allah daga arewa suka cika gari da ƙoƙo a hannu. Na sake ganin na 1984. Kakata kuma ta sha ba mu labarin Ƙaƙalaba, yunwar 1914, lokacin da babu mota ko ɗaya a ƙauyenmu. Abin da nake tsoro shi ne malami ya shiga aji ya ɗora kowane fari da kowace ambaliya a kan hayaƙin Turawa. Yaro zai koma gida ya faɗa wa kakansa, kakan ya ce masa tun kafin a haifi malaminku ake fari, daga ranar darasin ya mutu.

Na biyu, kada ku manta da jarrabawa. Minti 40 gare ku, manhaja tana da tsawo, WAEC da NECO kuma ma'ana da dalilai da illoli za su tambaya. Iyaye sakamako suke kallo. Na shugabanci makarantu, na san abin da ke biyo baya in yara suka faɗi.

Malamin Jogirafi, Haɗeja:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Maganar farko ta shige ni, don na taɓa jin irin wannan amsa daga bakin wani uba.

Malamin Gona, Gashuwa:
Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ku ɗauki Tafkin Chadi, wanda kowane malami ke kawowa misali. Muna cewa ya ragu da kashi 90 cikin 100 saboda sauyin yanayi, mu tsaya nan. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 ya koma wajen 2,000. Amma farin 1973 da na 1984 da Baba ya ambata ne suka kwashe shi, kuma tun da ruwan sama ya ɗan dawo a shekarun 1990 ya maido wani ɓangare na ruwansa. Tafki ne marar zurfi, yana kumbura yana motsewa. Kusan kashi 90 na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogin Shari da Logon yake, wato ruwan da aka yi can Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da Kamaru. Ina da ɗalibai 'ya'yan masunta, in na ce musu tafkin yana gab da ƙafewa ƙurmus za su gane ban san wurin ba.

Kai kuma Malam na Haɗeja, darasin yana bakin ƙofarka. Fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu, amma wa zai yi maganarta bai ambaci madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992 ba? Su suka sauya yadda ruwa ke saukowa. Da can kogi yana cika da damina ya janye da rani, yanzu akwai wuraren da ruwa ke kwance duk shekara, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan baki masu cinye shinkafa. Wannan aikin hannunmu ne a nan gida. Ɗan aji biyar ya isa a ba shi matsala a ce ya rarrabe: nawa ne na sama, nawa ne na madatsa, nawa ne na yawan jama'a. Ni a ganina wannan rarrabewar ita ce ilimin, ba jeren da ke allo ba.

Ɗan Bautar Ƙasa, Dutse:
To Yallaɓai, in fari tsohon abu ne, tafki kuma yana dawowa, me ya rage da za mu ce sauyin yanayi ne? Kada yara su fita da cewa babu komai.

Maman Fadila, Zariya:
Akwai, kuma a nan nake son in ɗan saɓa wa Baba, da girmamawa. Fari ba sabo ba ne, amma zafin sabo ne, kuma an auna shi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta kai wajen digiri 1.5 sama da zamanin kafin masana'antu, wato iyakar da aka yi fatan kada a ƙetare a yarjejeniyar Paris ta 2015. Ku tuna azumin 2024. A garin Kayes na Mali ma'auni ya nuna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, asibitocin Bamako suka cika. Mu ma nan mun san yadda muka ƙarasa goman ƙarshe.

Sai yanayin saukar ruwan. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Ta ɗauka da yawa, ta juye da yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Shi ya sa manomi zai ce maka an yi ruwa da yawa bana amma gero bai yi ba: an zuba shi cikin kwana biyu ya wanke gona, sannan aka ɗauke mako uku. Saboda haka in kaka ya ce tun da can ana fari, yaro ya ce haka ne Kaka, amma ka taɓa ganin daren bazara mai zafin na yanzu? Daga nan hira za ta buɗe.

Tsohon Firinsifal, Katsina:
Na yarda da wannan 'yata. Daren bazara kam ya sauya, da muna kwana a tsakar gida har mu nemi mayafi da asuba.

Malama 'Yar Yerwa:
Tun ɗazu nake karantawa ina jinkirin magana. Ku kuna neman misalin da za ku kai aji, mu misalin ne ya shigo mana har ɗaki. Daren 9 ga Satumba wayewar 10, shekarar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci kusan rabin Maiduguri. Na fita da 'ya'yana da kayan jikinmu. Da aka koma makaranta akwai kujerun da ba mai zama a kansu. Wata ɗalibata har yanzu in hadari ya haɗo sai ta kama rawar jiki, ta roƙi a bar ta ta tafi gida.

Don haka roƙona gare ku, ku san gaban wa kuke magana. Na ga malamai suna nuna bidiyon ambaliya da gobarar daji don yara su tsorata su mai da hankali. Wanda ya kwana a kan rufin gida ba ya buƙatar a tsorata shi. Abin da ya taimaki ajina shi ne taswira. Na sa su zana unguwanninsu, su sa alama inda ruwa ya fara shiga, inda ya kai gwiwa, inda ya shanye mutum, ina ne tudu mafi kusa, wace hanya ce ta fara yankewa. Iyayensu suka ba su labarin ambaliyar 1994, suka kwatanta. Su da kansu suka gano gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa da magudanan da leda ta toshe. Yarinyar da nake faɗa muku ita ta fi kowa ƙoƙari a aikin, ta ce yanzu ta san inda za ta bi da ƙannenta.

Malamin Gona, Gashuwa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar muku da alheri Malama. Wannan taswirar zan ɗauka, mu ma kogin Yobe yana cika mana.

Malamin Addini, Gusau:
Amin. Malama, Allah ya ƙara haƙuri. Ina son in yi magana a kan abin da na san yana zuciyar yara da yawa ko ba su furta ba: ruwa na Allah ne, wane ne mutum da zai ce ya sauya damina? Wasu malaman kimiyya in suka ji haka sai su harzuƙa, wasu su yi shiru su wuce. Duka biyun kuskure ne. Ku turo mana su, ko ku gayyace mu ajin. Ƙaddara ba ta kore sababi. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san shekara bakwai na fari suna tafe, ai tsari ya kawo: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan a adana saura. Ɗalibai Kirista ma suna da wannan ƙissa a Littafin Farawa, don haka ba wanda za a bari a baya. Ga kuma hadisin da ke cewa in alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi ya dasa. Muna fita sallar roƙon ruwa, mu dawo kuma mu gyara magudana, ba saɓani a ciki.

Mushe na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwana na Najeriya. Ni a lise nake koyarwa, wato babbar sakandare, kuma ina ganin amsar ɗiyar nan tana cikin gonakinmu. Kada ka ce mata innarta ta bar icce. Ka koya mata yadda icce zai ƙaru.

A nan muna ce masa sassaben zamani. Da can in manomi zai gyara gona sai ya sassabe komai ya ƙone, a ce gona mai tsabta ita ce gonar ƙwarai. Ga shi icce na gwamnati ne, in ka bar shi ya girma a gonarka ka jawo wa kanka ma'aikatan daji. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu sau uku. An yi ta dasa icce na gandun raino yana mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a jihar Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gona ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da zurfi. Sabara, kalgo, aduwa, magarya. Abin da ake yi kawai, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka yanke sauran, ka kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kafu, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓa, maƙwabci yana gani wajen maƙwabci. An ƙiyasta yau kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram.

Rassan da ake yankewa kowace shekara su ne iccen girki. Matan da suke kwana a hanya neman icce suka koma samunsa a gonar gida, har su sayar. Ga gawo, wanda kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ya taki ƙasa, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Ka faɗa wa ɗiyar nan iccen da za ta raina ba don Bature ba ne, don tukunyar innarta ne da geron babanta. In ya sha kabon kuma, wannan riba ce a kai.

Malamin Jogirafi, Haɗeja:
Mushe, Allah ya saka da alheri. Wallahi amsar ke nan da na rasa ranar Alhamis. Sabara da kalgo suna nan cike da gonar makarantarmu, duk shekara mu muke sa yara su sassabe su.

Malamin Gona, Gashuwa:
Haka muke yi ko'ina. Sai kuma a yi bikin dashe da damina, a kawo darbejiya ɗari biyu, a ɗauki hoto, a tafi dogon hutu. Kafin bazara awaki sun gama da su. Jihohinmu 11 suna cikin shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti, amma yaro ba zai gane shirin ba in abin da ya gani a makarantarsu shi ne dashen da ba ya kai shekara. Ni na daina ba da maki a kan dasawa. Kowane yara uku bishiya ɗaya, su yi mata shinge da ƙaya, makin yana fitowa ne a zango na uku in tana da rai. Ƙirga masu rai ya fi ƙirga waɗanda aka dasa.

Kuma mafita ba bishiya kaɗai ba ce. Akwai iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT, da kuma nau'o'in wake da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Akwai ramukan shuka masu tara ruwa da taki, waɗanda ake kira "zai", da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da su har ya mai da faƙo daji. Akwai randa cikin randa ta Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, yashi mai laima tsakanin tukwane biyu, tumatir da yalo su yi kwanaki ba lantarki. Wannan ko a ɗakin gwaji mafi talauci za a iya yi, kuma darasin fiziks ne cikakke.

Ɗan Bautar Ƙasa, Dutse:
Duk na yarda, amma ina jin kamar mun kauce wa rabin tambayar yarinyar. Ita fa maganar adalci ta yi. Me ya sa ba za mu gaya musu ƙarara cewa waɗanda suka ɓata su ya kamata su biya ba? An kafa asusun biyan asara da ɓarna a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, abin da aka yi alkawarin zubawa bai kai ko kusa da asarar ba. Ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan. Kuma mu ma hannunmu ba fes yake ba, ƙasar mai ce mu, har yau ana ƙona gas a sararin Neja Delta dare da rana. Shugaba Buhari ya yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 za mu daidaita abin da muke fitarwa da abin da muke shanyewa, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. Yaran da za su yi zaɓe ya kamata su san akwai wannan alkawari, su tambayi inda aka kwana.

Tsohon Firinsifal, Katsina:
Ɗana, ka bi a hankali. Aji ba dandalin siyasa ba ne. Ka ba su lambobi da tarihin yarjejeniyoyin, ka bar su su yanke hukunci. Ranar da ka fara gaya musu wanda za su ji haushi, ka bar aikin malami.

Ɗan Bautar Ƙasa, Dutse:
Na ji Baba. Amma in na ba su lambobin suka ji haushi da kansu fa?

Tsohon Firinsifal, Katsina:
Wannan haƙƙinsu ne. Sai ka shirya musu muhawara, ɓangare ɗaya su kare cewa Najeriya ta ci gaba da haƙo mai da gas don ta fita daga talauci, ɗayan su ce a juya ga hasken rana tun yanzu. Ka tilasta wa kowa ya kare ɓangaren da ba ya so. Na ga amfanin wannan a shekarun da na yi.

Maman Fadila, Zariya:
Wannan ta yi Baba. Ƙari ɗaya a kan murhu, don kada mu wuce shi da sauri. Dalilin da ya fi ƙarfi na gyara murhu shi ne ƙirjin mai girkin da na goyon da ke bayanta. Hayaƙin itace a rufaffen madafi yana jawo ciwon huhu da na ido. Gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, mun sani. Amma murhun laka mai kewaye wuta yana cin itace ƙasa da na duwatsu uku. A sa yara su gina guda, su tafasa ruwa lita biyar a kowanne, su auna itacen da ya ci da sikelin mai awo. 'Yan mata suna fin maza ƙwarewa a wannan gwaji, su suka san wuta.

Malamin Lissafi, Birnin Kudu:
Ban ce komai ba tun farko, amma ga gudummawata, kuma tana amsa damuwar Baba ta minti 40. Ba dole jogirafi ya ɗauki kayan shi kaɗai ba. Ku sa ma'aunin ruwan sama a makaranta, ni zan karɓi lissafin. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya isa, a kafa shi a fili nesa da bishiya da rufi, a auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a lokaci ɗaya, a zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Rufin aji mai mita 8 da mita 10, in aka yi ruwan milimita 30, lita 2,400 ya zubar a ƙasa, jarka 96 ke nan ta lita 25. Ranar da na yi wannan lissafi da 'yan aji shida, su suka fara tambayar me ya sa ba mu da tanki. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. A liƙa na ƙaramar hukumarku a bango, yara su gwada da abin da gwangwaninsu ya nuna.

Malama 'Yar Yerwa:
Shawara mai kyau, sai dai Agusta ne tsakiyar damina, kuma lokacin muna hutu. Wa zai auna?

Malamin Lissafi, Birnin Kudu:
Nan na sha kashi bara, littafin ya tsaya a ƙarshen Yuli. Bana na yi niyyar ba yara biyar da ke kusa gwangwani su kafa a gida, maigadin makaranta kuma ya riƙe na makaranta, na riga na nuna masa yadda ake karanta rula.

Malamin Jogirafi, Haɗeja:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. Yau na shiga ajin. Na fara da cewa yarinyar ta yi gaskiya kuma amsar da na ba ta ranar Alhamis ba ta isa ba. Na raba allo biyu yadda Maman Fadila ta ce. Da muka zo kan itace gardama ta tashi, wasu suka ce gidan rage hayaƙi zai shiga, wasu suka ce gidan zama da sauyi, muka rubuta shi a kan layin tsakiya. Daga nan na fita da su gonar makaranta, muka ƙirga kututture masu tsiro a kunya goma na farko, muka samu 23, yawanci sabara. Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba shi ya riƙa gaya mana sunan kowane tsiro da abin da ake yi da shi. Na ba su aikin gida: kowa ya zauna da mutum mafi tsufa a gidansu, ya tambaye shi yaushe ake shuka a ƙuruciyarsa, waɗanne itatuwa ne suka ɓace, zurfin rijiya gaba nawa ne da da yanzu. Baba, ma'ana da dalilai da illoli na nan, ranar Laraba za su rubuta su yadda WAEC ke so.

Ita kuwa yarinyar ta sake ɗaga hannu a gonar. Ta ce su gonar aro suke nomawa, in suka raini itatuwa shekara uku mai gona ya karɓe abinsa, na wa ne itacen? Na ce mata zan tambayo. Mushe, yaya kuke yi da wannan a wajenku?

Mushe na Maraɗi:
Tambaya ce mai nauyi, a nan ma ta sha kai mutane gaban mai gari. Inda abin ya yi kyau, tun kafin a fara ake zama da mai gona da shaidu, a amince gindin nasa ne, rassan da ake yankewa duk shekara na mai noma ne muddin yana cikin gonar. Wasu masu gona ba su yarda, suna tsoron icce ya zama hujjar mallaka. Ka sa ta tambayi babanta irin yarjejeniyar da ke tsakaninsu tukuna. Gobe in na shiga ƙauye zan ɗauko maka hoton yadda ake yankan, don in aka yanke reshe daga sama zuwa ƙasa ɓawon yana tsagewa, daga ƙasa ake ɗaga lauje. Ka ce su wasa shi sosai kafin ranar.